An ce in bar PHP wai ba shi da tsaro, ga kuma baƙi suna ta laluben shafina da dare

Ɗan Aliero ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure.

Ina Mile 12 wajen yayana. Albasa yake saukewa daga Aliero, wani lokaci da tattasai da attarugu idan kasuwarsu ta yi, ni kuma nake riƙe masa littafi. Yawancin masu sari a wajenmu masu gidajen abinci ne na Ikeja da Surulere da Lekki, kuma ba sa zuwa kasuwa da kansu, saƙo suke turowa ta WhatsApp. Wata za ta turo murya da asuba ta ce buhu uku, ranar biya ta rantse biyu ta ce, a yi ta jayayya. Shi ya sa na yi mana shafin oda. Kowa ya shiga da lambar wayarsa da kalmar sirri, ya zaɓi kaya, ya rubuta inda za a kai masa, ya kuma ga abin da muke binsa.

PHP, yaren rubuta shafukan intanet, da MySQL, rumbun ajiye bayanai, na koya a YouTube, da dare bayan an tashi kasuwa, a wata tsohuwar HP da na saya a Computer Village na sa mata XAMPP, manhajar da ke ba mutum damar gwada shafinsa a kwamfutarsa kafin ya hau intanet. Shafin ya hau intanet, a irin hostin ɗin nan mai araha da jama'a ke raba saba ɗaya, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kai, kuma kwastomomi sun fara amfani da shi. Yanzu ina haɗa Paystack, kamfanin da ke karɓar kuɗi ta intanet, saboda masu son biya nan take.

Abu biyu ne suka hana ni sakat. A cikin cPanel, wurin da ake sarrafa hostin, akwai inda ake ganin duk wanda ya taɓa shafin. In na buɗe sai in ga layi bayan layi na masu neman /wp-login.php da /.env da /phpmyadmin, alhali ni ko WordPress, manhajar nan ta gina shafi, ba ni da shi. Wasu kuma a bayan adireshin sai su liƙa ' OR 1=1 ko UNION SELECT. Daga ƙasashe daban-daban suke, wasu ƙarfe biyun dare, wasu ƙarfe uku. Su waye waɗannan, kuma me mai albasa ya tare musu?

Na biyu, wani abokina da ke karatun kwamfuta ya ce PHP tsohon yayi ne, ko'ina a huje yake, in dai ina son tsaro in koma JavaScript. Ga layin da nake duba mai shiga da shi, ko zai taimaka:

$sql = "SELECT * FROM kwastoma WHERE waya='$waya' AND sirri='" . md5($sirri) . "'";

Haka mai bidiyon ya yi, haka na yi, kuma yana aiki. In zubar in faro da wani yare ne, ko akwai gyara? Ba ni da kuɗin makaranta, data ma da lissafi nake saye. Allah ya saka da alheri.

Gwani na Otigba ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abokinka gaskiya ya gaya maka, kar ka ɓata ƙuruciyarka. Duk tallan aikin da nake gani yanzu React ne da Node, duka kayan aikin JavaScript. Ka koyi JavaScript, yare ɗaya ya yi maka gaban shafi ya yi maka bayansa. Batun masu kutse kuwa, ka sa SSL mai ɓoye abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai ziyara, shafin ya sami ɗan kwaɗon nan na tsaro, ka bi da shi ta Cloudflare, kamfanin da ke tace masu zuwa shafi, kyauta ne, ka yi barcinka. In ka shigo Ikeja ka leƙo in saita maka, ba ya ɗaukar lokaci.

Malam na Sabo Yaba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa neman albarka.

Baƙin daren nan ba mutane ba ne. Manhajoji ne da aka sake su suna bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, suna gwada abu iri ɗaya a ko'ina. Duk sabar da ta hau intanet tana ganinsu tun ranar farko, ko da babu komai a kanta. Mai neman /.env yana fatan ka bar fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayananka a fili. Mai neman wp-login zai gwada admin da 123456 ya wuce gaba. Babu wanda ya san da albasar yayanka a cikinsu. Sai dai kar wannan ya sa ka miƙe ƙafa, domin ɓarawo ɗan Adam yana zaɓen gidan da zai shiga, manhaja kuwa ba ta zaɓe. In ta sami shiga za a yi amfani da sabarka a aika saƙonnin damfara, ko a cusa tallan caca a shafinka, ko a kwashe lambobin wayar kwastomominka a sayar.

Batun yare, Gwani ka yi haƙuri, ban bi ka ba. In tsufa ne laifi, PHP da JavaScript sa'annin juna ne: Rasmus Lerdorf ya saki PHP a 1995, a shekarar ne kuma Brendan Eich ya rubuta JavaScript a kamfanin Netscape. Wikipedia a kan PHP take. WordPress, wanda ya riƙe sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, PHP ne. Sauran yarukan ma sun ga nasu. Equifax ta Amurka da aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 a 2017, Java suke amfani da shi. An fitar da gyaran Apache Struts, manhajar Java da suka gina shafinsu a kai, tun watan Maris na shekarar, ba su ɗora ba, aka shiga ta nan. A 2018 wani ya karɓi ragamar wani ƙunshin JavaScript mai suna event-stream da dubban manhajoji ke dogaro da shi, ya cusa masa kod na satar bitcoin. Baƙin jinin PHP daga tsofaffin darussa ya fito, irin wanda ka kalla. Bidiyo ba ya mutuwa a YouTube, kuma mafi tsufa shi ya fi tara masu kallo, shi ne zai fara fito maka. Ga ma'auni mai sauƙi: in ka ga malami yana rubuta mysql_query, rufe. An cire wannan daga PHP tun fitowar PHP 7 a 2015.

Yanzu layinka. Shi ne ainihin abin da baƙin nan ke nema, kuma da Node ka rubuta shi haka, ko da Python, ramin ɗaya ne. Kana ɗauko rubutun da baƙo ya zuba a akwati kana manna shi a tsakiyar umarnin da za ka ba MySQL. Ita kuwa ba ta san inda maganarka ta ƙare ta baƙo ta fara ba, jimla ɗaya take gani. A ce a akwatin lambar waya na rubuta wannan, na bar sarari ɗaya a ƙarshe:

' OR 1=1 -- 

Abin da zai isa rumbu shi ne WHERE waya='' OR 1=1, 'yan layuka biyun nan (--) kuma sun mai da duk abin da ke bayansu sharhin da rumbu ba ya aiki da shi, wato duba kalmar sirrin ya faɗi gaba ɗaya. 1=1 kullum gaskiya ne, don haka rumbu zai miƙo kowa da kowa, kod ɗinka ya ɗauki na farko. Waye na farko a teburin? Galibi mai shafin ne, tunda shi ya fara yin rajista lokacin gwaji. Na shiga da sunanka ke nan ban san kalmarka ba. UNION SELECT ɗin da ka gani ya fi wannan muni, da shi ake janyo wani tebur daban a fito da shi ta wurin da aka yi don nuna jerin kaya.

Wannan dabara ta girmi wasu a zauren nan, tun 1998 aka rubuta bayaninta a mujallar Phrack, amma har yau tana ci. Da ita aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, ta wasu tsofaffin shafuka da suka gada daga kamfanin da suka saya suka manta da su. Bayanan mutum kusan 157,000 suka fita, hukuma ta ci su tarar fam 400,000.

Gyaran bai kai bayanin tsawo ba. Umarni ya tafi daban, rubutun baƙo ya tafi daban:

$q = $pdo->prepare('SELECT id, sirri FROM kwastoma WHERE waya = ?');
$q->execute([$waya]);

Alamar tambayar nan gurbi ce. Duk abin da ya faɗa ciki, MySQL za ta ɗauke shi a matsayin lambar da ake nema, ko UNION SELECT ne, ta duba ba ta ga mai wannan lamba ba, ta dawo hannu Rabbana. Wajen buɗe PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbu, ka sa ATTR_EMULATE_PREPARES ya zama false, ka kuma sa charset=utf8mb4. Kar ka tsaya a shafin shiga. Ka bi fayil-fayil, duk inda ka ga alamar dala a cikin SELECT ko INSERT ko UPDATE ko DELETE, ka mai da shi gurbi. Inda gurbi ba ya aiki shi ne sunan tebur ko na ginshiƙi, kamar a ORDER BY. A nan sai ka rubuta sunayen da ka yarda da su, farashi, suna, rana, in abin da ya zo ba ya cikinsu ka yi watsi da shi.

Sai md5 ɗin da ke layinka. Niyyar daidai ce: ba a ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta, niƙa ta ake yi da lissafin da ba ya komawa baya. Aibin md5 sauri ne. Katin hoto na kwamfutar wasanni yana gwada biliyoyin kalmomi a kansa cikin daƙiƙa ɗaya, don haka wanda ya sace teburinka sai ya niƙa kalmomin da ya san mutane na so, ya kwatanta da naka. Jerin ma yana hannunsa. A 2009 an kwashe kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, ta irin ramin nan naka kuwa, kuma har yanzu jerin ne ake fara gwadawa. Kai ka fi ni sanin kwastomominka: sunan ɗa da shekarar haihuwa, ko lambar wayar kanta. Babbar illar ita ce kalmar da Madam ta sa a shafin albasa ita ce ta imel ɗinta.

Tun PHP 5.5 a 2013 akwai password_hash da password_verify. Da gangan aka sa su jinkiri, kuma kowace kalma da nata gishirin, wato wasu haruffa na daban da ake gauraya mata kafin a niƙa, ta yadda mutum biyu masu kalma ɗaya ba za su yi kama a tebur ba. Abin da yake fitarwa harafi 60 ne a yanzu, amma ka ba ginshiƙin 255 saboda gaba. Tunda jama'arka ba su da yawa, ka goge tsofaffin, kowa ya saita sabuwa. Ka kuma ƙirga kuskure: lamba ɗaya ta yi kuskure sau biyar a jere, a dakatar da ita na 'yan mintuna.

Kafin ka taɓa komai, yi mini gwaji ɗaya. Ka shiga a matsayin kwastoma, ka buɗe odarsa, ka dubi adireshin a sama. In ka ga wani abu kamar oda.php?id=214, ka mai da shi 215 ka danna. Ka zo ka gaya mana abin da ka gani.

Ɗan Aliero ya rubuta:

Malam, na gode, Allah ya ƙara girma. Na yi gwajin. Odar wata mai gidan abinci a Surulere ce ta fito, da adireshinta, da lambarta, da bashin da muke binta. Ta gaba ma haka. Wannan matar da wadda na shiga da sunanta layi ɗaya suke kasuwanci, ba sa ga maciji. In ɗaya ta san ana bin ɗayar kuɗin albasa, mun shiga uku. Na rufe shafin odar tukuna.

Gwajin ' OR 1=1 ma na yi a XAMPP ɗina, ya shigar da ni a matsayin admin kamar yadda kuka ce.

Tunda haka ne bari in faɗi yadda na tsara Paystack kafin in kunna. Farashi yana cikin fom ɗin a ɓoye, daga nan nake tura jimla. In mutum ya biya, Paystack na dawo da shi wani shafina mai suna nagode.php, a nan nake rubuta wa odar "an biya". Akwai matsala?

Maman Hanifa ta rubuta:

Ƙanena, gara da ka tambaya kafin ka kunna. Ina aiki a sashen biyan kuɗi na wani kamfani a Victoria Island, wannan shi ne abincinmu kullum. Malam, da izininku in amsa masa wannan.

Na farko, ramin 215. Shafinka ya tambayi "ya shiga?" bai tambayi "tasa ce?" ba. Ka ƙara sharaɗi a umarnin: WHERE id = ? AND mai_oda = ?, na biyun kuma daga $_SESSION zai fito, inda sabarka ke riƙe da wanda ya shiga, ba daga adireshi ko fom ba. Ka yi haka a duk inda ake gani, ko gyarawa, ko sokewa. Shafukan admin ma kowanne ya duba da kansa, ɓoye maɓalli ba rufe ƙofa ba ne. A jerin manyan haɗurra goma da OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajoji, ta fitar a 2021, wannan aibin ne ya hau na ɗaya, ya ture irin na ' OR 1=1 zuwa na uku, don shi babu wata manhaja da za ta san maka cewa odar Madam ba ta maƙwabciyarta ba ce. Sai kai.

Farashin da ka ɓoye a fom kuwa, a idon wanda bai sani ba ne kawai yake ɓoye. Duk mai kwamfuta ya danna F12 zai gan shi, ya kuma canza shi. A ce buhu naira 70,000 ne, ya goge sifili biyu ya biya 700, Paystack ta karɓa da gaskiyarta tunda abin da shafinka ya nema ke nan. Daga burauza abu biyu kawai za ka karɓa: wane kaya, guda nawa. Farashi daga teburinka, lissafi a sabarka. Adadin ma ka duba shi, lamba ce cikakkiya kuma ta fi sifili, don akwai mai rubuta buhu -3 ya ga ko jimla za ta ragu.

Sai nagode.php. Yayanka ba ya sakin kaya don an nuna masa hoton alat a waya, sai ya ga kuɗi a asusunsa. Shafinka kuwa hoton alat yake karɓa, domin kowa na iya rubuta adireshin nagode.php da hannunsa ba tare da ya biya sisi ba. Abin da za ka yi: in an dawo da mutum, ka ɗauki lambar cinikin, sabarka ta kira Paystack kai tsaye ta hanyar transaction/verify da makullinka na sirri. Ka duba amsar ta ce success. Ka duba kuɗin naira ne. Ka duba adadin ya yi daidai da abin da ke teburinka, ka tuna su da kwabo suke lissafi, naira 70,000 za ta zo maka 7000000. Ka kuma tabbata ba a taɓa amfani da wannan lambar cinikin a wata oda ba, in ba haka ba mutum ya biya sau ɗaya ya ɗauki kaya sau uku.

Akwai kuma wanda zai biya, network ya yanke kafin ya dawo shafinka, ka san halin Legas. Saboda irinsa ne Paystack ke aiko wa sabarka saƙo da kanta. Wannan saƙon yana zuwa da sa hannu mai suna x-paystack-signature, wanda aka lissafa da wata dabarar lissafi mai suna HMAC SHA512 da makullinka. Ka sake lissafin a wajenka, ka kwatanta da hash_equals, in bai yi daidai ba ka watsar. Makullin da ya fara da pk_ na fili ne. Wanda ya fara da sk_ kar ya shiga JavaScript, kar ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod, kar ka tura wa kowa ta WhatsApp ko da mai taimako ne, har ni, har Gwani. Fayil ɗin da yake ciki ka ajiye shi a wajen public_html, wato ba a cikin foldar da kowa ke iya kaiwa ta intanet ba.

Akwatin "inda za a kai kaya" ma yana buƙatar ido. In wani ya rubuta kod na JavaScript a ciki maimakon adireshi, kai kuma ka buɗe shafin admin ka nuna shi yadda yake, a burauzarka zai yi aiki, da ikonka. Da wannan dabarar wani matashi mai suna Samy Kamkar ya tara abokai sama da miliyan ɗaya a MySpace cikin ƙasa da kwana ɗaya a 2005. Duk rubutun mutane da za ka nuna a shafi, ya bi ta htmlspecialchars da ENT_QUOTES.

Magana ɗaya ta doka, don mutanenmu na ɗauka sai banki take shafa. Suna da lamba da adireshi da bashi duk bayanan mutane ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023. In aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 doka ta ba da a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Abin da ba ka buƙata kar ka tambaya, kuma lambar kati kar ta taɓa sauka a rumbunka.

Gwani na Otigba ya rubuta:

To Hajiya, mun ji, ba za a ba ni makulli ba. Amma Malam ba ku ce komai a kan kwaɗon ba, ko shi ma banza ne? Kuma ni maganar ci gaban yaron nake yi. Ba zai dawwama a Mile 12 yana ƙirga buhu ba. In ya je neman aiki a Yaba ya ce PHP ya iya, wa zai kalle shi? Ni da na ga dama ma da na ce ya sayi shafin da aka gama haɗawa, ana samunsu da arha a filash, ya huta da wannan wahala.

Malam na Sabo Yaba ya rubuta:

Gwani, kwaɗo wajibi ne, a nan kana da gaskiya. Kyauta ne ma ta Let's Encrypt, yawancin masu hostin suna kunna shi daga cPanel, kuma tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Aikinsa shi ne hana wanda ke tsakani, kamar mai wifi na otal, karanta abin da ke wucewa. Wanda ya zo da ' OR 1=1 kuwa, kwaɗon zai rako shi har cikin rumbu a ɓoye, lafiya lau. Cloudflare na rage manhajojin nan da masu ambaliyar buƙatu, ya sa, amma ba ta san odar 215 ta wace ce ba.

JavaScript zai koya ko ya so ko ya ƙi, tunda shi burauza ke ji. Abin da na ƙi shi ne ya bar gini a tsakiya ya koma harsashi, ya je can ya sake haƙa ramukan nan da sabon yare. Ni in na zauna tantance mai neman aiki, wanda ya ce ga shafin da mutane ke ciniki a kai, ga ramin da na samu, ga yadda na toshe, ya fi mini mai takardar kwas biyar. In ya gyara wannan da hannunsa sai ya shiga Laravel, tsarin gina shafi da PHP, zai tarar gurbi da niƙa kalma da kariyar fom duk an tanada, kuma zai san dalilin kowanne.

Na filash ɗin nan kuwa, ƙanena, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Manhajar kuɗi da aka fasa ake rabawa, wanda ya fasa ta ba don Allah ya yi ba, sau da yawa ya bar wa kansa ƙofar baya a ciki. An sha kawo mini irinsu gyara, sai ka ga wani dogon layi da eval da base64_decode a cikin fayil ɗin da ba ruwansa da su.

Ban sani ba ko kana barin kwastoma ya ɗora hoton rasit. In kana yi, nan ne wuri mafi haɗari a shafin, domin mai ɗora hoto na iya ɗora fayil na PHP, ya buɗe adireshinsa, sabarka ta zama tasa. Kar ka yarda da sunan fayil ko nau'in da burauza ta faɗa. Ka duba cikinsa da finfo, ka karɓi JPEG da PNG kawai, ka ba shi sabon suna da kanka, ka ajiye shi a wajen public_html. Ka kashe display_errors a sabar gaske, don saƙon kuskure yana tona sunan tebur da hanyar fayil. Kwafin rumbu kuma ka riƙa saukewa wani wuri da ba sabar ba, ka kuma gwada mayar da shi a XAMPP ka ga yana tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

In kana son ganin yadda masu kutse ke tunani, ka sauke DVWA ka sa a XAMPP, shafi ne na PHP da aka huje da gangan don koyo. Darussan Web Security Academy na PortSwigger ma kyauta ne, kuma karatu ne da gwaji, ba sa cin data kamar bidiyo. A kwamfutarka kawai, ko inda aka ba ka izini a rubuce. Taɓa shafin wani ba izini laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, ko da niyyarka ka nuna masa ramin ne.

Wane PHP ne ma a hostin ɗin naka?

Ɗan Aliero ya rubuta:

Na duba, Malam, 7.4 ne. Rasit kuma eh, ana ɗorawa, na kashe shi yanzu. In canza PHP ɗin yau, ko in gama gyaran tukuna? Gobe mota za ta sauka, oda za ta yi yawa.

Malam na Sabo Yaba ya rubuta:

An daina yi wa 7.4 gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, don haka dole ya tafi, amma ba daren saukar mota ba. Gobe ku karɓi oda ta waya, shafin ya zauna a rufe. Ka fara da gurbi da sharaɗin mai_oda, sannan kalmomin sirri. In ka gama, ka sa XAMPP mai PHP 8 ka gwada komai a can, domin 8 ya fi tsanani, abin da 7.4 ke kawar da kai a kansa shi tsayawa yake yi. Ya tashi lafiya, sai ka shiga cPanel, MultiPHP Manager ko Select PHP Version, ko wanne suka ba ka, ka zaɓi mafi sabo a jerin 8. Ka canza kalmar sirrin cPanel da ta rumbu, ka kuma leƙa foldar da ake ajiye rasit ka ga ko akwai abin da ba hoto ba. In ka ga wani mai ƙarewa da .php a ciki, kar ka buɗe shi ta burauza, ka turo mana sunansa da ranar da ya shiga.